Awa Biyu-Biyu

Ranar da za a sallami Baba daga asibiti, nas ɗin ɗakin ta tara 'ya'yansa maza uku a bakin gado ta ce su buɗe kunne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, ko gyara kwanciya ba ya iyawa da kansa. Magani dai ga shi nan a leda, in ji ta, amma babban maganin ba na sha ba ne. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, yanzu dama, an jima hagu, an jima rigingine. In ba haka ba bayansa zai ɓule.

Babban Yaya, mai shagon taya, ya fara gyaɗa kai tun ba ta kai aya ba. Yaya Direba yana duba waya. Da ta gama, Babban Yaya ya dafa kafaɗar Auta ya turo shi gaba.

"Sista, kada ki wahalar da bakinki. Muna da likita a gida."

Ta dubi Auta sama da ƙasa. "Ajinka nawa?"

"Shekarar farko," ya ce, yana kallon takalminsa. "A ƙaramar kwalejin nan. Ilimin halittu da kiwon lafiya. Wata biyar ke nan da farawa."

"To ka san abin da nake faɗa. Amma ba aikin mutum ɗaya ba ne." Manyan biyu take kallo da ta faɗi haka.

"Haba," in ji Babban Yaya. "Mu uku ne fa, ga Umma, ga matata. Sai dai mu yi rububinsa."

A gida aka kwantar da Baba a ɗakinsa na kusa da ƙofa, aka ture kabad zuwa lungu don a sami wurin zagaya gado. Auta ya naɗe hannun riga ya nuna musu yadda ake yi. Ya ninka tsohon zanin gado biyu ya shimfiɗa a ƙarƙashin Baba, daga kafaɗa zuwa cinya. Ba a jan mutum da hannu, in ji shi, fatar tsoho kamar jiƙaƙƙiyar takarda take. Zanin ake kamawa, ɗaya nan ɗaya can, a ɗaga tare a mirgina. Sai a tokare baya da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a ɗage diddige kada ya taɓa katifa. Minti biyar an gama.

"To wai me ke kawo ɓulewar?" Umma ta tambaya daga bakin ƙofa.

Auta ya ji daɗin tambayar, don kwanan nan aka koya musu. Ya ce akwai wasu 'yan siraran hanyoyin jini a ƙarƙashin fata, sun fi gashi siranta. In mutum ya daɗe a ɓari ɗaya, ƙashi da katifa sai su matse su. In jini bai isa wuri ba, naman wurin yunwa yake ji, in aka daɗe ya mutu. Daga ciki yake farawa, kafin a gan shi a waje ya riga ya yi ɓarna.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Ashe nama ma yana jin yunwa."

"Kun ga amfanin karatu," in ji Yaya Direba. "Likita, ba ka da dama."

Auta ya ɓalle takarda daga tsakiyar littafinsa ya ja layuka, ya rubuta ranaku a sama, a gefe ya rubuta tara, sha ɗaya, ɗaya, uku. Na dare da na asuba ya ɗaukar wa kansa, ya ma kwaso shimfiɗarsa ya dawo ɗakin Baba. Waɗannan huɗun ne kawai na lokacin da yake makaranta, don kwalejin tafiyar awa guda ce a bas. Babban Yaya ya ɗauki tara da ɗaya, tunda shagonsa a bakin titi yake, daga ƙofar gida ana hango allonsa. Yaya Direba ya ɗauki sha ɗaya da uku, tunda ma'aikatan kamfani yake kaiwa da safe ya ɗauko da yamma, tsakani zaman hira ne. Umma za ta kama gefen zani. Duk wanda ya juya sai ya yi alama a gidan awarsa. Aka manna takardar a bango saitin kan Baba.

Malamar darasin jinya gajeriyar mace ce mai tabarau da igiya. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma goge abin da ta rubuta. Ranar da Auta ya koma, ta juyo masa da rajista ta ɗora biro a kan layinsa.

"Fashi huɗu. Na ji labarin mahaifinka, Allah ya ba shi lafiya. Amma ka san doka. Wanda ya yi fashi goma a ɗakin gwaji ba ya zama jarrabawa. Wanda bai zauna ba, gurbinsa na wani ne, akwai masu jira a waje."

"Ba zan ƙara ba, Malama. Mun tsara a gida."

A tsakiyar ɗakin gwajin akwai gado irin na asibiti, a kansa mutum-mutumin roba da ɗalibai suke kira Kawu Roba. Mutum huɗu-huɗu ake shiga a juya shi, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ana ba shi haƙuri kafin a taɓa shi, don Malama ta ce ba a taɓa majinyaci sai an gaya masa. Kafin azahar an juya Kawu Roba sau talatin. A duk faɗin garin babu tsohon da ya kai shi gata.

Litinin da Talata Auta ya dawo ya tarar da alamomi a takarda, hankalinsa ya kwanta. Laraba ya shigo ƙarfe biyar da jaka a kafaɗa, ya sami Baba yana fuskantar bango, filo mai shuɗiyar riga yana daidai inda ya tokare shi da bakwai na safe. Ya ɗaga kai ya dubi takarda. An cike gidajen Laraba duka. An cike na Alhamis. An cike na Juma'a ma.

Ya ce, "Baba, zan juya ka," ya sa gwiwa a bakin gado ya ja zanin shi kaɗai. A kan ƙashin ƙugu ya ga wuri kamar faɗin bakin kofi ya yi duhu, yana sheƙi, ya fi sauran jikin zafi. Ya danna da yatsa ya ɗaga yadda aka koya musu. In launin ya ɗan kauce ya dawo, da sauran jini a wurin. Bai kauce ba.

Yaya Direba yana tsakar gida yana goge takalmi.

"Yaya, wa ya cike takardar nan har Juma'a?"

"Ni ne. Na ga aikin iri ɗaya ne kullum, na ce bari in cike gaba ɗaya kada in manta."

"Amma ka juya shi?"

"Na leƙa, barci yake. Ka taɓa ganin an tashi maras lafiya daga barci?"

"A asibiti ana tashinsa."

"To ka ji. Ni ban yi karatun ba. Kowa ya iya allonsa ya wanke, Likita. Ni in ka ba ni mota da mutum talatin, zan kai su in dawo da su ko ƙwarzane babu."

Babban Yaya kuwa da ya dawo daga shago sai ya baje tafukansa biyu a gaban Auta, baƙi ƙirin da su, duk kanta.

"Dubi nan. Hannun taya gare ni. Da bakinka ka ce fatar kamar takarda take. Tun ranar nake jin tsoro. In na je na yage tsohon nan fa, da wane ido zan dube ka?"

"Zanin za ka kama, Yaya, ba shi ba."

"Kai kake ganin sauƙinsa don ka iya. Abin da mutum ya iya ai wasa ne a wurinsa."

Auta ya je wurin Anti, matar Babban Yaya, ya ce ko ita za ta riƙa taya Umma kama gefe ɗaya. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta riƙe haɓa.

"Ni in shiga in taɓa jikin surukina? Likita, nemi wani zunubin ka ba ni, wannan ya fi ƙarfina. Abinci dai ko sau goma ne zan dafa."

Umma ta gwada ita kaɗai ranar Alhamis da sassafe, don ta nuna masa ya tafi abinsa. Bayanta ya riƙe, sai da ya kama ta ya zaunar. Auta ya sauke jakarsa. Fashi biyar ke nan. Juma'a ta zama shida.

Kwana huɗu yana juyi a kan lokaci, yana shafa mai, yana miƙe zani kada ya tattare, duhun wurin ya fara washewa. Da yayyensa suka gani suka ce ka ga hannun sani. Suka yi sabon alkawari, aka manna sabuwar takarda, Yaya Direba ya rantse ba zai ƙara cike gobe a yau ba. Ya kuwa cika rantsuwarsa, na ranar kawai yake cikewa.

Babban Yaya bai fasa zuwa ɗakin ba, amma da la'asar yake zuwa, lokacin da masu dubiya suke cika kujeru. Sai ya wanke hannu ya sa riga mai kyau, ya zauna a bakin gado ya riƙe yatsun Baba.

"Aiki ne ba ƙarami ba," yake gaya musu. "Duk awa biyu muke juya shi, dare da rana. Don kun san nama yunwa yake ji in jini bai isa ba. Daga ciki yake farawa."

"Allah ya ba mu 'ya'ya irinku," in ji wani dattijo abokin Baba. "Wasu da tuni sun watsar."

"Ai uba ba shi da madadi, Kawu."

Auta yana bayan ƙofa da roba cike da zannuwan wanki, yana jira su fita ya canza shimfiɗa. Baba ya lumshe ido. Ko barci ne ko wani abu, babu wanda ya sani, don tun da ciwon ya same shi kalma ɗaya biyu ce take fita, ita ma da ƙyar.

A mako na uku wurin ya buɗe. Auta ya dawo ya ɗaga zani ya ga ya manne da jiki, da ya ɓanɓare a hankali sai ga rami ja, yana ruwa. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallonsa. A littafinsa na makaranta akwai hotonsa sak, a shafi na tamanin da wani abu, har ya ja masa layi da jan biro.

"Umma, sun zo yau?"

Ta murza bakin mayafi. "Babba ya aiko da lemo."

"Umma."

"To me kake so in ce? Manya ne, suna da iyali, suna neman abin da za a ci. Kai ba mata ba ɗa. Karatun nan gudu zai yi ne? Kuma naka karatun ai ga shi a kwance a gabanka. Wasu sai sun je asibiti neman wanda za su koya a kansa."

Fashi bakwai. Takwas.

Auta ya rame, idonsa ya faɗa. A bas yake karatu in ya samu ya je, kuma sau biyu barci ya wuce da shi tashar kwaleji. A aji in ana zancen ƙwayoyin jini, fari da ja, shi agogon bango yake kallo. Tara ta yi. Sha ɗaya ta yi. Abokinsa Dogo yana kwafa masa darasi yana turo masa a waya, yana tsokanarsa wai shi kaɗai ne a ajin yake da Kawu Roba mai numfashi. Da ya ga Auta bai yi dariya ba, bai ƙara ba.

Malama ta tsayar da shi bayan darasi. Ya gaya mata komai, ban da sunan masu laifi. Ta saurara har ya gama, ta buɗe kabad ta ba shi auduga, bandeji da safar hannu, ta nuna masa yadda ake wanke irin gyambon da ruwan gishiri, daga tsakiya zuwa gefe, ba a komawa.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," ta ce. "Fata ita ce bangon. Yanzu ta tsage. In ya kwanta a kansa ko a cikin jiƙa na 'yan awoyi, ƙwayar cuta za ta shiga jini. In ka ji jikinsa ya yi zafi kada ka jira."

"To, Malama." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Malama, ko da kwana ɗaya ne a cikin takwas ɗin nan..."

"A'a." Ba ta ɗaga murya ba. "Ba zan rubuta ka zo ba alhali ba ka zo ba. Wanda ya saba sa hannu a kan aikin da bai yi ba, shi ke kashe mutane a asibiti. Kana da hannun aikin nan, na gani. Ba ka da 'yan'uwa ne?"

"Ina da su. Biyu."

"To ka gaya musu saura zama kaɗan a rufe rajista."

Zazzaɓin ya zo ranar wata Talata da safe. Yaya Direba ya kai su asibiti a motar kamfani, ya ajiye su a ƙofa ya ce zai nemi wurin fakin, bai samu ba har suka fito. Likitan ya duba gyambon ya tambayi wanda ke jinya. Babban Yaya, da ya iso daga baya, ya nuna Auta.

"Shi ne mai karatun abin. Mu duk abin da ya ce shi muke bi."

Likitan ya dubi Auta ta saman tabarau ya ce ɗalibin kiwon lafiya bai kamata ya bar abu ya kai haka ba. Auta ya ce to. Fashi tara ke nan.

Ranar Lahadi bayan azahar ya tara su a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya durƙusa a gaban Babban Yaya ya yi magana a hankali. Zama uku ya rage a ɗakin gwaji, Litinin, Laraba, Alhamis. In ya rasa ɗaya, shi ke nan, an cire shi. Ba kwana uku cur yake roƙo ba, daga bakwai ne zuwa biyar.

Ran Babban Yaya ya ɓaci ƙwarai. "Kai kuwa me ya hana ka faɗa tun da wuri? Kana zaune da abu a ciki kamar ba ka da manya? Tashi, tashi. Litinin tawa ce, zan rufe shago."

"Laraba tawa," in ji Yaya Direba.

"Alhamis fa?" Auta ya tambaya.

"Alhamis ita ce babba," in ji Babban Yaya. "Mu duka biyu za mu zo."

Litinin Babban Yaya ya zo, ya kuma juya Baba, har sau biyu, shi da Umma, bai yage komai ba. Kafin magariba duk layin sun ji cewa ya rufe shago wuni guda saboda mahaifinsa. Laraba Yaya Direba ya iso takwas saura kwata, Auta ya yi gudu daga tasha zuwa ɗakin gwaji, ya shiga Malama tana kan kiran sunan da ke gaban nasa.

Alhamis Auta ya gama komai tun shida da rabi. Ya wanke gyambo, ya sa sabon bandeji, ya ba Baba abin kari a zaune, cokali cokali, yana jira ya haɗiye kada ya shaƙe. Ya sa farar rigar makaranta da ya goge, ya zauna a bakin gado da jaka a cinya. Bakwai ta yi. Ya kira Babban Yaya.

"Ba Direba yana nan ba? Ni ai na yi Litinin. An kawo min kaya yanzu, mota tana tsaye. Kira shi."

Ya kira Yaya Direba.

"Jiya fa ni na yi. Yau ai Yaya ya ce shi... To, to, ina hanya."

Bakwai da rabi. Takwas saura. Malama tana rufe rajista tara da kwata. Ya sake kira. Ina hanya. Ya leƙa waje, yana hango allon shagon taya, da Babban Yaya tsaye a gabansa hannu a ƙugu yana nuna wa masu sauke kaya inda za su jera.

Umma ta ce, "Tafi kawai, za su zo. Zan zauna da shi."

Ya miƙe ya rataya jaka. Baba ya ɗago hannunsa mai lafiya ya yi masa nuni da ƙofa. Bakin ya yi ta kokawa kafin kalmar ta fito.

"Ta... fi."

"To, Baba. Zan tafi."

Ya sunkuya ya gyara masa filon gwiwa, a nan ne warin ya same shi. Ya ɗaga zani. Cikin Baba ya ɓaci, maganin asibitin ne ke sa shi haka, kuma ya ɓata har cikin sabon bandejin. Baba ya juya fuska bango ya rufe ido ƙam. Ashe ya sani tun ɗazu, shi ya sa yake korarsa.

Auta ya tsaya da zanin a hannu. Ya dubi Umma, da bayanta da ba ya sunkuyuwa. Ya dubi agogo. Wankewa, sauya shimfiɗa, sabon ɗauri, mutum ɗaya, minti arba'in in an yi sauri, kuma ba a sauri da irin wannan. Ya cire farar rigar ya rataye ta a bayan ƙofa don kada ta ɓaci.

"Baba, zan juya ka," ya ce. "Ba komai. Yau dama ba wani darasin kirki."

Yaya Direba ya iso sha ɗaya saura, da ledar ayaba. "Ah, ba ka tafi ba? Da ka sani ka jira ni a bakin titi in sauke ka."

Bayan kwana huɗu Dogo ya turo masa hoton takardar da aka manna a allon sanarwa. Sunayen masu zama jarrabawa talatin da shida. A ƙasa an ja layi, an rubuta mutum biyu da fashi ya fitar. Ɗayan wata ce da ta daina zuwa tun watan farko. Dogo bai rubuta komai a ƙarƙashin hoton ba.

Da yamma Auta ya gaya musu a tsakar gida, a tsaye, cikin magana biyu.

Umma ta share ido da bakin mayafi. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Abin da ba rabonka ba ne ko ka kama zai suɓuce."

Yaya Direba ya buga cinya. "Makarantun nan ba su da imani. Mutum yana jinyar ubansa, ku kore shi? Da ka gaya min da na je na same su. Wallahi da sun ji baƙar magana."

"Ni tun farko ban yarda da malamar nan ba," in ji Anti daga ƙofar kicin.

Babban Yaya ya bari kowa ya gama, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta manya.

"Zauna, Likita. Kada ka sa wa ranka damuwa. Takarda ce kawai suka hana ka, ilimin ai yana kanka, ba su isa su cire shi ba. Kuma albarkar iyaye ta fi kowace shaida. Badi in Allah ya kai mu, in Baba ya miƙe, da kaina zan raka ka ka sake cike fom." Ya matso kusa da shi. "Yawwa, dama ina son ganinka. Mahaifin Antinka ya faɗi a banɗaki shekaranjiya, ƙashin ƙugu ya karye, an ce zai daɗe a kwance. 'Ya'yansa duk ma'aikata ne, ba wanda ya san kan abin. Na ce su kwantar da hankalinsu, ƙanena ya sami hutu. Gobe za ka fara leƙawa."

Auta ya dube shi. "To wa zai juya Baba?"

"Haba, awa biyu ce fa tsakani. Gidan ba nisa, bayan gidan mai ne. Ka juya wannan, ka taka ka juya wancan, ka dawo. In ka ɗaga ƙafa har hutawa za ka yi a tsakiya."

"Allah ya yi muku albarka," in ji Umma. "Ku dai ku riƙe zumunci."

Anti ta kawo shayi, aka shiga hirar tsadar taya. Biyar ta buga a agogon falo. Auta ya ajiye kofinsa bai sha ba, ya miƙe. Babu wanda ya tambaye shi inda za shi.